Man da Yayata Ta Shafa wa 'Yata

Yayata, wadda muke uwa ɗaya uba ɗaya, ita ce ta shafa wa 'yata man bilicin tana 'yar firamare, don kawai ta yi haske a hoton biki. Ba ta tambaye ni ba, ba ta tambayi uwar yarinyar ba, kuma ta san sarai irin wahalar da muka sha a kan fatar yarinyar nan. Abin da aka yi mini ke nan. Na faɗe shi tun daga farko saboda ni ban iya kwana-kwana ba. Karatuna a ƙaramar sakandare ya tsaya, daga nan sai gona da babur. Acaɓa nake yi a Ƙafin Maiyaki, da damina in noma masara, yanzu ga furfura ta fara fito mini a gemu, ba ni da ƙarfin ƙawata magana.

Yarinyar ita ce 'yar farinmu. Tun ba a yi arba'in ba fatarta ta nuna ba irin ta sauran yara ba ce. Kumatu su yi ja, wuya ya saɓule, bayan gwiwa da lanƙwasar hannu su bushe su tsattsage kamar ƙasar fadama da rani. Kayan barka kuwa an tara mana su, sabulai masu ƙamshi, hoda, mayuka iri-iri, kowace mace ta kawo nata. Tsofaffin gida suka duƙufa. A dafa ruwa ya yi zafi, a dirje ta da soso, a mulke ta da mai, a bi da hoda har ta koma kamar an tsamo ta daga buhun gari. Kullum abin ƙaruwa yake. Wannan ta ce zafi ne, waccan ta ce sanyi ne, wata ta ce nonon uwar ne ba shi da kyau. Da ta fara wayo ta iya susa, sai mu wayi gari mu ga ɗigon jini a zanin da aka shimfiɗa mata.

To, a wajenmu ɗan fari ba naka ba ne. Wanda ya tashi a nan ya san wannan, balle mu da muke zaune kafaɗa da kafaɗa da Fulani, karar ta fi tsanani. Ba ka kiran sunansa, ba ka ɗaukarsa a gaban mutane, in ba shi da lafiya sai ka yi kamar ba ka ji ba. Iyayenka da yayyenka su ne masu shi, su za su ce a yi kaza, a bar kaza. Uwar ma haka, tana ba da nono tana kau da kai. Ni ma na bi wannan tsarin na ɗan lokaci. Ina shigowa in ji kukan, in wuce ɗakina in zauna ina kallon bango.

Wata ranar kasuwa na dawo cin abinci, na tarar an jiƙa wani sassaƙe za a yi mata wanka da shi, ita kuwa ta yi kuka har muryarta ta dishe. Ban ce wa kowa komai ba. Na ce wa maiɗakina ta goya ta, ta hau babur. Muka bi ta gaban tasha, kowa yana kallo, muka nufi asibiti a Kiru. Inna, wato mahaifiyata, ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwata yadda ta saba. Ta ce na tona mata asiri, kamar a gidan babu manya.

Malamin asibitin bai ba mu wani dogon magani ba. Ya duba ta, ya ce ba cutar ɗauka ba ce, fatarta ce ba ta son hayaniya. Ya ce duk abin da ke da ƙamshi a raba ta da shi. Ruwan wanka ya zama mai ɗumi kaɗan, ban da soso, ana fito da ita tun jikin da danshi a shafa mata mai. Kaya na auduga, a ɗauraye su sosai kada sabulun wanki ya rage a jiki, a riƙa yanke mata farce. Mai kuwa, ko basilin marar ƙamshi ko man kaɗanya tsantsa, mu gwada mu ga wanda ya karɓe ta. Ya haɗa mana da wani ɗan magani na shafawa na 'yan kwanaki, ya ce kada mu wuce yadda ya faɗa.

Man kaɗanya ne ya karɓe ta. Sai dai samun tsantsarsa aiki ne. Na kasuwa wani an sirka shi da man gyaɗa, wani ya daɗe ya yi ɗoyi, ka shafa mata da safe kafin azahar ta fara susa. Wata dattijuwar Bafulatana da na ɗauko daga kasuwar Dangora zuwa rugarsu ce ta ji ina ƙorafi, ta ce in ina son na gaskiya in nausa wajen Doguwa, can matan ƙauye ke tsintar ƙwarar kaɗanyar da damina su yi da hannunsu. Na je. Ka wuce Tudun Wada, ka ratsa daji, ka sauka daga kwalta ka shiga hanyar da ke cinye tayar babur. A wani ƙauye na samu tsohuwar da ke yi. Ita ke tsinta, ta dafa, ta shanya, ta daka, ta niƙa, ta yi ta bugawa da ruwa har man ya taso. Tun daga lokacin, duk shekara bayan damina sai na ajiye aikin yini guda na je na ciko bokiti. Sabulu kuwa na salo ne, wanda ya kwana biyu ya yi laushi, shi ma ba kullum ba, kuma ba a ko'ina ba.

'Yan tasha sun samu abin yi da ni. Ina tsayar da babur sai ka ji wani ya ce, "Ku matsa, ga mai jego ya iso!"

Wani ya karɓe, "Yau an yi wa jaririya wanka kuwa? Ka sha kunun kanwarka?"

"Ku bar shi, ba ku jin ƙamshi? Fasinja ma ya hau bayansa sai ya sauka da santsi."

Nakan ce musu Allah ya ba kowa irin tawa ya ga yadda ake yi. Su yi dariya, ni ma wani lokacin in yi. Ban damu ba, don ina ganin amfanin abin. Kafin yarinyar nan ta shiga makaranta fatarta ta kwanta lumui. Baƙa ce kamar ni, baƙi mai sheƙi, in uwarta ta shafe ta da safe ta sa mata kayan makaranta sai ka ji kamar kada ƙuda ya sauka a kanta. Shekaru muka yi kafin mu kai nan. Ba wanda ya taya mu, kuma ban nemi a taya ni ba.

Yayar tawa a Tudun Wada take aure, mijinta yana sayen shinkafa yana kai wa masu inji. Ita kuma tana sana'ar kayan shafe-shafe a cikin gida, tana saro su daga Kano, ta haɗa wannan da wancan ta ɗura a 'yan robobi, matan aure da 'yan mata suna zuwa saye. Ta girme ni sosai, ita ta goye ni. Duk zuwan da za ta yi gida sai ta kama haɓar yarinyar ta juya ta, ta ce, "Wannan baƙin na gidan ubanmu ne, ke kika kwashe shi duka ba ki rage wa kowa ba." Ana dariya. Wasan gwaggo ne, wa zai ce wani abu?

Da bikin autarta ya taso, ya dace da hutun makaranta. Ta zo ta ce za ta tafi da yarinyar tun da sauran makonni, ta zauna a wajenta, a ɗinka mata anko tare da sauran yaran da za su yi wa amarya rakiya. Ba ni ta gaya wa ba, Inna ta gaya wa, Inna ta ce to. Haka ake yi. Ni dai da suka fito za su tafi na biyo su ƙofar gida da gwangwanin mai da ɗan ƙullin sabulu.

Na ce, "Yaya, ga manta. Ban da shi don Allah kada a shafa mata komai. Ga sabulunta kuma. Ko hoda ba ta so."

Ta riƙe baki. "La'ilaha illallahu! Inna, fito ki ji ɗanki. 'Yar fari fa! Ko kunya babu. Saura ka biyo mu ka riƙa yi mata wanka."

"Ba haka ba ne, Yaya. Kin dai san yadda jikinta yake."

"Kai, rufe mini baki, ƙaton banza. Majinarka ma ni na share. Yau kai za ka koya mini rainon yaro? Na aurar da nawa, wanne ka ga fatarsa ta zube?"

Ta karɓi gwangwanin da yatsu biyu kamar na miƙa mata mushe, ta jefa a jaka. Na ɗauke su a babur har bakin titi, suka hau mota.

Ranar yinin biki muka je ni da maiɗakina. Gida ya cika, kiɗa kamar zai tsaga kunne. An jera yara mata a tsakar gida, duk cikin leshi iri ɗaya mai duwatsu, mai hoto yana ta gyara su. Wallahi na wuce 'yata ban gane ta ba. Sai da na ji an ce "Baba" na waiwayo. Fuskarta ta yi wani irin ja-ja, ɗorawa-ɗorawa, kamar gwandar da aka nuka dole. Gaɓoɓin yatsunta baƙi ƙirin, sauran hannun ya ɗashe. A wuya, inda leshin ke gogarta, ya yi jawur, tana ta sa yatsa tana sosawa a ɓoye don an ce ta tsaya cak.

Yaya ta hango ni ta taho tana rangaji, ta sha gwaggwaro. "Ka ga 'yar taka? Ashe fara ce sol, dauɗar kaɗanya ce ta rufe ta! Haɗi na musamman na yi mata, na yara, ba mai ƙarfi ba. Ka ga har gaba aka sa ta a hoto."

Matan da ke wurin suka ɗauka. Masha Allah, tubarkalla, yarinya ta wanku, hannun gwaggo daban ne. Gidan surukai ne, cike da baƙi, ranar farin cikinta ce, kuma ni ƙane ne ana maganar 'yar fari. Na haɗiye. Maiɗakina ta shiga ciki neman kayan yarinyar, ta dawo ta raɗa mini cewa gwangwanin man yana ɗakin surukar Yaya, tsohuwar tana shafa wa gwiwarta. Ba a taɓa buɗe shi don yarinyar ba. Ban jira kai amarya ba. Na ce jikin yarinyar da zafi, muka sa ta a tsakiya muka taho.

Ba a daɗe da dawowa ba jikin ya rikice. Abin da muka gani tana jaririya wasa ne. Fuska ta kumbura, wuya da ƙirji suka feso da ƙuraje, suka fashe suna tsatsar ruwa. Riga ta manne a jiki, sai an jiƙa ta da ruwan ɗumi kafin a cire, tana ihu. Rana in ta taɓa ta kamar an ɗiga mata wuta. Muka koma asibiti. Wancan malamin an canza masa wurin aiki, wani matashi muka samu. Ya duba ta ya daɗe, sannan ya ɗago ya ce wa ya yi mata wannan? Na ce a gida ne. Ya girgiza kai. Ya ce irin haɗin nan akwai magani mai ƙarfi a ciki wanda ke sa fata ta yi siriri, kuma fatar yaro tsotsewa take yi, balle irin tata. Ya ce sai an bi a hankali, a riƙa kawo ta yana gani, a kiyaye ta daga rana.

Zangon karatu guda ya wuce ta. Ni kuma na koma gidan jiya, in ɗauki fasinja biyu in dawo in ɗauki yarinyar da uwarta zuwa Kiru, in zauna a benci in jira layi, masara tana can ciyawa na cinye ta. A wancan karon ina da ƙuruciya, kuma ban san tsawon hanyar ba. A wannan karon na sani, shi ya sa gajiyar ta fi. Mutum ya gina abu da hannunsa shekara da shekaru, wani ya zo ya rushe shi cikin hutun makaranta guda, yana dariya, ana sa masa albarka.

Yaya ba ta zo dubiya ba. Da Inna ta sa aka kira ta a waya, abin da ta ce shi ne, ai ba a daina irin man nan kwatsam, mu ne muka yi ganganci, ko ta aiko da wata robar a ci gaba? Na ji da kunnena, don wayar tawa ce. Na karɓa na kashe.

Fatar ta warke daga baya, ba duka ba. Akwai tabo a wuyanta da gefen kunne, duhu-duhu, kuma har yanzu zafi kaɗan sai ta fara susa. Amma abin da ya fi karya ni ba tabon ba ne. Wata safiya ina goge babur a tsakar gida, uwarta ta yi mata wanka ta lakato mai za ta shafa mata, sai yarinyar ta ture hannun.

"Ni ba na son wannan. Na Gwaggo nake so."

"Na Gwaggon da ya ƙona ki?"

"Ai ta ce wannan na tsofaffi ne, wari yake. Ta ce shi yake sa ni baƙi. Kuma baƙa a baya ake sa ta a hoto."

Uwar ta kalle ni, na kalli babur. Yarinyar da ba ta taɓa sanin akwai wani abu a launinta ba, yanzu in ta samu madubi sai ta tsaya tana murza kumatu. Kullum da safe sai an yi lallashi, wata rana sai an yi tsawa. Wannan ciwon ban san asibitin da ake kai shi ba.

Bayan an gama girbi sai ga Yaya ta zo, da tsarabar shinkafa da atamfa ta Inna. Na gaishe ta a tsaye na fita. Da la'asar na dawo aka ce Inna na kira. Na shiga na durƙusa. Yaya tana zaune a bakin gado tana cin gyaɗa, yarinyar kuma tana jingine da ita, an ɗaura mata sabon ɗankwali, sai murna take.

Inna ta ce, "Yayarka gidanta ya zama kango tun da aka kai auta. Ta zo karɓar 'yarta. Dama tun ranar suna na ce tata ce. Za ta riƙe ta, ta yi karatu a can, ta aurar da ita in lokaci ya yi. Ba shawara nake yi da kai ba, sanar da kai nake."

Yaya ta ce, "Ai ba sai an gaya masa ba ma, Inna, lalacewar zamani ce. Ina ruwan uba da 'yar fari? Ke, je ki ce uwarki ta haɗa miki kaya. Ki bar wannan tabon, wata guda a hannuna ba za ki gan shi ba."

Yarinyar ta zabura za ta fita. Na ce mata ta je wajen uwarta ta zauna, kada a haɗa komai. Ta fita tana waiwaye. Ban taɓa musa wa Inna magana a gabanta ba, kuma ban taɓa kallon tsakiyar idon Yaya ba sai ran nan. Na ce wa Inna ta gafarce ni, abin da zan faɗa ba da ita nake ba. Sannan na juya.

Na ce, "Yaya, ba za ta je ba. Yau ba za ta je ba, baɗi ba za ta je ba, ko hutu ba za ta ƙara yi a gidanki ba. Kin ce ba ruwan uba da 'yar fari. To lokacin da ake jiƙa riga kafin a ɓamɓare ta daga jikinta, ban ga mai ita ba, ni da uwarta kaɗai na gani. Kin ƙona yarinya, ko sannu ba ki aiko ba, yanzu kuma kin dawo ki ƙarasa. Kin sa ta tsani fatar da Allah ya ba ta, irin tawa, irin ta ubanmu da ke kabari, irin taki kafin ki fara dirje ta. In kina son ganinta ga gida nan, ki zo ki gan ta a gabana, jakarki a rufe. Ki je ki faɗa a dangi cewa ba ni da kunya, ki faɗa a gidan biki, ki faɗa a gidan suna, na yarda ba ni da ita. Na gaji, Yaya. Ba zan sake jinyar aikin hannunki ba."